In biya kafin a tura takarduna?

Tambaya: Anti, na gama bautar ƙasa, ina neman aikin akanta. Wani shafin intanet ya ce sai na biya kuɗin fom kafin ya tura takarduna. In biya? Daga wata ƙanwarki a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, ko sisi kada ki biya. Abin nan yana ci min rai, don 'ya'yan talakawa ake cuta da shi. Ki yi rajista a shafukan neman aiki na Jobberman da LinkedIn, kyauta ne. A LinkedIn ki rubuta abin da kika iya dalla-dalla, kamar aiki da manhajar lissafi ta Excel, domin da irin waɗannan kalmomi masu ɗaukar ma'aikata suke lalubo mutum. In aikin gwamnati ne, ki tabbata adireshin shafin ya ƙare da gov.ng kafin ki shigar da bayananki.