Tambaya da Amsa: Ina Za a Ga Tarihi a Fili?

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Zinder. Ina zan kai ɗalibaina su ga tarihi yana motsi, ba a cikin akwatin gilashi ba?

Amsa: Malama, gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya dace ƙwarai, domin a fili aka kakkafa bukkoki da tantunan ƙabilun Nijar, ga maƙera da dukawa suna aikinsu a gaban baƙi. Sai dai tafiyar ta kusa kilomita 900. A ganina ki fara da unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram, inda zanen bangon gidaje da dogarai masu jajayen rawuna suke nan har yau. Ki nemi izinin fada tukuna, sannan ku je da sanyin safiya.