Ƙanena ya daina gaida maƙwabta, kuma ba ya gama alwala

Tambaya: Likita, tun da ƙanena ya fara zuwa wani karatu ya daina bin limamin unguwarmu, ya daina gaida maƙwabtanmu 'yan ɗariƙa. Ga shi sai ya kusa awa guda yana alwala, barci ma ya gagare shi. Addinin ne ya yi masa yawa? Daga wata 'yar'uwa a Daura.

Amsa: 'Yar'uwa, matsala biyu kika haɗa, kuma maganinsu daban ne.

Doguwar alwalar nan ta fi kama da cutar waswasi, wadda likitoci ke kira OCD. Tunani ne ke faɗo wa mutum cewa bai tsarkaka ba, hankalinsa ya tashi, ya sake wankewa, ya ɗan samu sauƙi, can kuma tunanin ya dawo. Sakewar ce ke ƙara wa cutar ƙarfi. Ba addini ne ya haifar da ita ba, takan kama abin da mutum ya fi ɗauka da muhimmanci ne. Wani a kan ƙazanta take kama shi, wani a kan kulle ƙofa. Malaman fiƙihu tun da daɗewa suka ce mai yawan kokwanto ya yi watsi da kokwantonsa, kuma kusan haka muke horar da marasa lafiya a asibiti, tare da magani idan ya kama. A gaskiya salla, jam'i da zumunci sukan rage wa mutane damuwa.

Ƙyamar maƙwabta kuwa ba cuta ba ce. A 1967 Gordon Allport da Michael Ross, masana halayyar ɗan Adam a Amurka, sun gano cewa masu riƙe addini don neman matsayi ko shiga sahun jama'a sun fi masu riƙonsa don kansa ƙyamar wasu. A ganina matashi sabon shiga yakan nuna biyayyarsa ga ƙungiya ta hanyar nisantar na waje, ko Izala ce ko ɗariƙa. Allport ya kuma nuna cewa cuɗanya a kan aiki ɗaya, ba tare da fifiko ba, tana rage wannan. Don haka ki bar musu da shi, a riƙa tura shi aikin gayya da jana'izar unguwa.

Amma waswasin ne na gaggawa, musamman da rashin barcin nan. Ku kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kuma a samu malamin da yake jin maganarsa ya raka shi.