Amsa ga ƙanenmu ɗan Tarihi mai neman tallafin karatu

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce Tarihi ka karanta, ka gama bautar ƙasa, yanzu kana koyarwa a wata sakandare, kuma duk wanda ka tuntuɓa sai ya ce maka sikolashif na 'yan likitanci da injiniya ne, mu 'yan tarihi da adabi da zamantakewa sai dai haƙuri. Kana so ka san ko haka ne, in kuma ba haka ba ne ta ina za ka fara.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma waɗanda suka fi suna a gida su suka jawo ta. PTDF kuɗin harkar man fetur ne, abin da ya shafi mai da iskar gas suke kallo. Gwamnatocin jihohi in za su kwashi ɗalibai zuwa waje, likitoci da injiniyoyi suke sawa gaba. TETFund ta malaman manyan makarantun gwamnati ce, ta hannun makarantar ake bi, malamin sakandare ba ya ciki. NELFUND kuwa bashi ne, biya za a yi. Wanda idonsa ya tsaya a nan dole ya ce babu. Ni ma shekara biyu na yi ina faɗin haka, ina jin zafinsa a raina.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne a ofishin wani dattijon malaminmu, Allah Ya saka masa da alheri. Na rubuta furofozal, wato takardar tsarin binciken da nake son yi, shafi goma sha biyu, takensa tarihin garinmu daga kafuwarsa zuwa 1960. Na tura wurare huɗu, duka huɗun suka ba ni haƙuri. Na kai masa ina ƙorafin an raina fanninmu. Ya sa tabarau, ya karanta har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ɗauki jan biro ya rubuta a ƙasan shafin ƙarshe: "To, sai me?" Ya ce mini mutanen da za su karanta wannan a Dakar ko Berlin ba su taɓa jin sunan garinku ba, kuma takardu ne jibge a gabansu. Ka ba su jerin sarakuna da shekarunsu, amma ba ka tambayi komai ba. Sai ya ce, me kake da shi wanda wani ba shi da shi?

Na yi shiru, can na tuna da adakar kakanmu, wanda fataucin goro ya yi. A cikinta akwai wasiƙu na ajami ɗaure da tsumma, gara ta ci gefen wasu, tawadar ta koma ja-ja. Akwai kuma wasu dogayen takardu na lissafin bashi: wane huhu kaza, wane ƙwarya kaza, an biya, saura kaza. Tun muna yara muke ganinsu, babu wanda ya ɗauke su a bakin komai. Malam ya miƙe zaune. Ya ce ka san a da ayari ake yi da jakuna zuwa Gwanja, a yi watanni a hanya, mai kaya yana tare da kayansa. Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, ta durƙushe bayan yaƙin basasar 1892, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau jirgi zuwa Arewa. To mutumin da ke Kumasi da wanda ke Kano, da ba sa ganin juna, yaya aka yi bashi ya riƙa tafiya tsakaninsu ba kotu ba banki? Wa ke tsaya wa wa? Mene ne aikin mai masauki da dillali a ciki? Ya ce wannan ita ce tambaya, kuma masanin tattalin arziki ma zai so jin amsarta, ba ɗan tarihi kaɗai ba.

Shafi biyu na sake rubutawa. Tambayar a sakin layi na farko, sai abin da magabata suka riga suka faɗa da inda suka tsaya, sai takardun da ke hannuna da waɗanda zan nema a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Arewa House, sai watannin da aikin zai ci da kuɗin mota da masauki, ba ƙari ba ragi. Da waɗannan shafuka biyun na samu tallafina na farko. Shi ya sa nake ce maka, a fanninmu abin da ake zuba wa kuɗi shi ne tambayar da kake ɗauke da ita da kuma shaidar cewa kai ne za ka iya amso ta. A nan muke da rinjaye. Kana jin Hausa, wataƙila kana karanta ajami da ɗan Larabci, tsohuwa za ta buɗe maka baki ta gaya maka abin da ba za ta gaya wa baƙo ba. Bature sai ya shekara uku yana koyon abin da ka tashi da shi a zauren gidanku.

Shawarata ka fara da ƙananan tallafi, waɗanda mutane ke rainawa. IFRA, cibiyar binciken Faransa da ke cikin Jami'ar Ibadan, tana ba ɗaliban digiri na biyu da na uku kuɗin fita bincike, tana kuma shirya bita kan hanyoyin bincike. Cibiyar WARC da ke Dakar tana da tallafin tafiya ga ɗan Afirka ta Yamma da bincikensa zai kai shi wata ƙasar yankin. Irin wannan ne ya kai ni Accra, inda na zauna da rubuce-rubucen Larabci da ajami na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana, har na ga waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi a 1934. CODESRIA, majalisar bunƙasa binciken zamantakewa a Afirka da aka kafa a Dakar a 1973, takan kira matasan masu bincike zuwa taruka da horo. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL a Yamai. Kuɗin ba masu yawa ba ne, amma wanda aka taɓa ba amana ya kawo rahoto, shi ake sake ba wa. Layi ɗaya na irin wannan a takardar tarihin aikinka ya fi satifiket goma na halartar taro.

In ka yi rajistar digiri na uku a gida, ƙofofin sun fi faɗi. SSRC, majalisar binciken zamantakewa ta Amurka, ta daɗe tana tallafa wa masu digiri na uku a jami'o'in Afirka, har da Nijeriya, kan zaman lafiya da tsaro da ci gaba. Gidauniyar Harry Frank Guggenheim tana da shiri na musamman ga 'yan Afirka masu nazarin tashin hankali, kuma wanda ke zaune a Zamfara ko Borno yana da abin faɗa a nan. Wenner-Gren ta masu nazarin al'adun ɗan Adam ce. Ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin ceto tsofaffin takardu tun 2004, yana ba da kuɗi a ɗauki hotunan rubuce-rubucen da ke neman lalacewa, asalin kuma ya zauna wurin masu shi. Duk lokacin da na tuna ɗakunan littattafan malamanmu da damina ke ci a Katsina da Zariya da Sakkwato, sai in ji ciwon yadda ba mu cika neman wannan ba. Wani shiri da ya taimaki malamanmu ƙwarai shi ne AHP, shirin tallafa wa masu nazarin tarihi da adabi da makamantansu a Afirka, wanda aka fara a 2008 da kuɗin gidauniyar Carnegie, amma an kammala shi, kada ka ɓata lokaci nemansa in ka gan shi a tsofaffin sanarwa.

Ga mai son fita digiri na biyu, Chevening ta gwamnatin Birtaniya ita ce kowa ya sani. Shekara ɗaya ce, suna son aikin shekara biyu, wato awa 2,800, kuma koyarwar da kake yi tana shiga lissafi. Ana buɗewa wajen Agusta, sannan za ka yi alkawarin dawowa gida ka zauna shekara biyu. Amma ka gane halinsu: jagoranci suke nema, su ga abin da ka taɓa gyarawa da hannunka. In ka kafa ƙungiyar tarihi a makarantarku ka kai yara Gidan Makama suka ga abin da suke karantawa, wannan labari ne, ka ba da shi da adadin yaran da abin da ya biyo baya. Commonwealth, ita ma ta karatu a Birtaniya, ana binta ta hukumar sikolashif ta tarayya, akwai kuma wadda ake nema ta hannun jami'ar can. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai tana biyan Yuro 1,400 a wata, za ka yi karatu a ƙasashe biyu ko fiye, kuma akwai kwasa-kwasan adabi da kayan tarihi da ƙaura a ciki. Turkiyya tana buɗe tata daga Janairu zuwa Fabrairu, da shekara guda ta koyon harshe, sai dai tana da iyakar shekaru: ƙasa da 30 ga digiri na biyu, ƙasa da 35 ga na uku. Mai Larabci ya duba Cibiyar Doha ta karatun gaba da digiri, wadda galibi fannoninmu take koyarwa.

Ni dai Jamus na fi nuna wa ɗan tarihi. Yawancin jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin makaranta, DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, tana ɗaukar nauyin zama, Jami'ar Bayreuth tana da makarantar digiri na uku kan nazarin Afirka tun 2007, Hamburg kuma ta yi nisa a nazarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu, har da ajami. A Amurka tsarin daban ne: in sashe ya ɗauke ka digiri na uku, galibi shi zai yafe kuɗin makaranta ya riƙa biyanka kana taya koyarwa. Waɗanda suka karanta Hausa ko Turanci a cikinmu kuma su san da shirin Fulbright na zuwa koyar da Hausa a jami'o'in Amurka na tsawon shekarar karatu ɗaya. Ba digiri ba ne, amma ya buɗe wa mutane da yawa hanya. Harkar bizar Amurka ta yi tsauri a 'yan shekarun nan, don haka kada ka ɗora duk burinka a kanta.

Wajen neman malamin da zai duba aikinka, kada ka tura wa mutum hamsin wasiƙa iri ɗaya mai cike da kirari. Ka zaɓi uku ko huɗu, ka karanta maƙala ɗaya ta kowanne da gaske, ka rubuta gajeren imel: ga abin da na karanta naka, ga tambayata, ga takardun da ke hannuna. Na haɗa da hoton wasiƙa ɗaya daga adakar nan tare da fassararta. A kwana uku aka amsa mini.

Sai maganar takardu, inda na fi cin wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na taɓa rasa shekara guda cur saboda tiransikirif, wato takardar cikakken sakamakon jami'a, na yi ta sintiri wata huɗu a wani ofishi har wa'adi ya wuce. Wata shekarar kuma malamin da zai rubuta mini wasiƙar shaida ya manta, ni kuma kunya ta hana ni tuna masa. Ka nemi tiransikirif yanzu, ka yi fasfo yanzu, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kowace takarda. Malamai kuma ka sanar da su wata biyu kafin lokaci, ka kai musu furofozal ɗinka su san me za su ce, ka riƙa tuni cikin ladabi. Ka zaɓi wanda ya san aikinka ko da ƙaramin malami ne, ya fi farfesan da bai san fuskarka ba. Ka fara tara kuɗin jarrabawar Turanci kaɗan-kaɗan, tana da tsada, kodayake wasu jami'o'in suna karɓar wasiƙar shaidar cewa da Turanci ka yi digiri.

Don Allah ka kiyayi masu cewa ka kawo kuɗi su samo maka. Chevening, Commonwealth, Erasmus Mundus, Turkiyya, duk cike fom ɗinsu kyauta ne a shafinsu. Na san wanda ya sayar da filin gado ya ba wani "ejan", aka miƙo masa takardar bogi. Haka masu rubuta wa mutane maƙala, ranar ganawa ake gane su, don mutum ba ya iya kare abin da bai fito daga cikinsa ba.

Za a ƙi ka, wataƙila sau da yawa. Ni sai a karo na bakwai na samu babbar sikolashif. Kada ka ajiye koyarwarka, kuma in da hali ka yi rajistar digiri na biyu a nan gida kana nema, don yawancin ƙananan tallafin nan sai ɗalibi mai rajista ake ba.

Yanzu abin da nake so ka yi a wannan watan: ka je gida ka tambayi tsofaffi abin da ke cikin adaka da gafaka, ka duba abin da ya daɗe yana damunka game da garinku wanda ba ka taɓa samun amsarsa a littafi ba. Ka rubuta shi a shafi biyu, da Hausa ma in ya fi maka sauƙi, daga baya a juya. Ka turo mini ta akwatin saƙo, in sha Allahu zan karanta kafin ƙarshen wata in maido maka da gyara. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa albarka a abin da ka karanta.