Aron waƙa a laburare: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon sun haɗu a kan abu ɗaya, wato inda mutum zai sami waƙar da ransa ke so ba tare da ya zubar da kuɗinsa a banza ba. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su.

"Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatu a Amurka, ya ce mini da katin laburaren garinsu yake sauraron waƙoƙi, ko sisi ba ya biya. Maigidana kuma tun da ya yi ritaya ba shi da abokin hira sai waƙoƙin da. Akwai laburaren da zan yi masa rajista a nan Zariya? Ko kuwa in sa yaron ya turo mana lambar katinsa?"
Wata uwa, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya dawo mana da yaro da abin da ya je nema.

Gaskiya yaron ya faɗa miki. A can laburaren gari yana ba da aron faifan CD kamar yadda yake ba da aron littafi, kuma da yawansu sun ƙulla yarjejeniya da kamfanonin da ke kawo waƙa ta waya. Akwai Hoopla, inda mai kati zai ari kundin waƙoƙi na kwana 7, wa'adi na cika ya ɓace daga wayarsa. Akwai Freegal, mai ɗauke da waƙoƙin kamfanin Sony da wasu, wanda ke barin mutum ya sauke 'yan ƙalilan a kowane mako su zama nasa. Amma fa biya ake yi. Laburaren ne ke biyan kamfanin daga harajin mutanen garin, shi ya sa sai mutum ya nuna shaidar a garin yake zaune kafin a ba shi kati, shi ya sa kuma ake ƙayyade masa yawan abin da zai ara a wata.

Don haka maganar lambar kati ki bar ta. Da sunan yaron aka ba shi, kuma in aka ga ana amfani da shi daga wata ƙasa ana iya rufe shi, ki ja masa asarar abin da yake karatu da shi. Masu tallar irin wannan kati a intanet ma kada ki saurare su. Kuma ko da ya yi aiki, me Alhaji zai tarar a ciki? Rumbu ne da aka cika don kunnen mutanen can. Kiɗan kalangu da kotso da taushi da wuya ya sami abin da zai kai shi la'asar.

A nan gida kuwa, laburarenmu na jama'a an gina su ne a kan littafi da jarida da teburin da ɗalibi zai zauna ya yi shirin jarrabawa. Ba laifi ki aika a tambaya ko suna da sashen kayan sauraro, amma kada ki ɗora shirinki a kan haka. Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru babba ne ƙwarai, sai dai aron kaya a fita da su na ɗalibai ne da ma'aikatan da suka yi rajista. Laburaren Ƙasa, wanda ke da reshe a Kaduna, wurin zama a duba ne, ba wurin ɗauka a tafi gida ba.

Abin da zan ce ki saya ƙarami ne: rediyo mai cin memori, wanda ake yi wa caji. Ki duba mai manyan maɓallai da dattijo zai gane ba sai ya nemi tabarau ba, kuma ki sa a kunna miki shi a shago, a rufe a sake buɗewa, ki ga ko yana ci gaba daga inda ya tsaya. Wannan na da muhimmanci, don waƙar da tana iya cin minti 20 ko fiye, kuma ba abin da ke ɓata wa mai sauraro rai kamar a mayar da shi farko duk lokacin da ya tashi salla. Rediyon ma kanta za ta kama masa shirye-shiryen kiɗan gargajiya, waɗanda har gobe su ne laburaren talaka.

"Malam, ina aji huɗu a jami'a, kundina a kan waƙoƙin fada na ƙasar Zazzau ne. Abin da nake samu a intanet ba suna, ba shekara, wani ma an yanke farkonsa. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya haɗa mini 'komai' a filas. In biya?"
Ɗalibi, Samaru

Ɗana, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da zai zuba maka shi ne dai wanda ka riga ka gani, an tattara shi wuri ɗaya. Malamin da ke duba aikinka zai tambaye ka wa ya yi waƙar, wa aka yi wa, a ina aka ɗauka, a wace shekara, kuma filas ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu.

Kai ne ma wanda laburare zai fi yi wa rana a cikin duk waɗanda suka rubuto, in ka daina tunanin aro ka koma tunanin zama ka saurara. Fara da abin da ke ƙarƙashin hancinka. A sashenku da laburaren Kashim Ibrahim akwai kundayen waɗanda suka riga ka, kuma al'adar masu nazarin waƙar baka ce su rubuta matanin waƙoƙin a ƙarshen kundi, su faɗi inda suka samo kaset ɗin. Wannan bayanin na inda aka samo shi ne taswirarka. Ka bi shi.

Za ka ga sau da yawa yana kai ka Kaduna. Gidan rediyon da ake kira Rediyon Tarayya a yau ya fara aiki tun 1962, kuma manyan makaɗan Arewa sun yi ta shiga ɗakin ɗaukar muryarsa shekara da shekaru. Akwai kuma Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta jami'arku, a tsohon gidan Sardauna. Irin waɗannan wurare ba a zuwa hannu rabbana. Ka karɓi takardar gabatarwa daga shugaban sashenku, ka rubuta sunayen makaɗa da sarakunan da kake nema kafin ka tashi, ka tambayi ƙa'idarsu ta kwafa tun daga bakin ƙofa. In an ce sauraro kawai, to ka zauna da biro da takarda. Wanda ya saci ɗauka da waya ya rufe wa na bayansa ƙofa.

Wani abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba: wani Ba'amurke masanin al'adu, David Ames, ya zauna a Zariya a 1963 zuwa 1964 yana ɗaukar kiɗa, aka fitar da wasu daga ciki a faya-fayai biyu cikin jerin kiɗan Afirka na hukumar UNESCO. Shi da Anthony King kuma suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ka nemi wannan ƙamus a laburare. Zai raba maka sunayen kayan kiɗa da muƙaman makaɗa, ya nuna maka abin da aka gani a fada sama da shekara 60 da suka wuce, ka gwada da abin da kake gani yau.

Sannan ka shiga cikin gari. Makaɗan fada suna nan da kakaki da algaita da tambari, zuriyar waɗanda kake nazari suna nan a unguwanninsu. Kuɗin da za ka ba mai filas, ka yi kuɗin mota da goro da su.

"Ni tela ne, waƙa nake ji daga safe har dare. Abokina ya ce in riƙa biyan kuɗin wata a manhaja, ni kuma na saba kai memori a tura mini. Wanne ya fi?"
Wani matashi, Sabon Gari

Ƙanena, ka fara sanin cewa biyan kuɗin wata aro ne. Ko Spotify ne, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, ko Boomplay da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix, waƙar da ka sauke a ƙarƙashin biyan wata a kulle take cikin manhajar. Ran da ka daina biya sai ta ƙi buɗuwa, kuma ba za ka iya mayar da ita sifikar shago ta memori ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Amfaninsa shi ne sababbin waƙoƙi suna iso maka da wuri, sautin yana da tsabta, kuma wani abu yana kai wa ga mawaƙin, abin da ba ya faruwa a shagon turi.

Lissafin data mai sauƙi ne: waƙa mai matsakaicin inganci tana cin kusan MB 1 a minti. Awa 10 a shago ke nan wajen MB 600 kullum, in kai tsaye kake ji. Saboda haka in za ka biya, ka riƙa saukewa sau ɗaya kana maimaitawa. In sababbin mawaƙa kake bi, gwada wata ɗaya ka gani, kuma ka duba ko sun saita cire kuɗi da kansu duk wata. In kuwa waƙoƙin nan 50 da ka haddace su ne kake juyawa, ba ka da buƙatar biyan kowa duk wata.

Memori kuma a yi hattara. Na jabu ya cika kasuwa: a rubuce GB 32, cikinsa bai kai 4 ba, sai ka cika shi waƙoƙin su fara lalacewa. Ƙaramin na gaske ya fi, domin GB 8 yana ɗaukar sama da awa 100. Ka sa a cika shi a gabanka, ka kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin ka biya.

"Mahaifinmu ya rasu ya bar kwali uku na kaset: Shata, Ɗanƙwairo, tafsiri, har da na bikin gidanmu. Yayana ya ce mu mayar da su waya mu riƙa sayarwa. Ni kuma ina tunanin mu ba laburare. Na ga ana tallar wata 'yar na'ura mai juya kaset zuwa memori. In saya?"
Wata baiwar Allah, Ƙofar Doka

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Malama, abu na farko ba saye ba ne, tantancewa ce. Ki raba kwalayen gida biyu. Kaset ɗin kamfani, mai hoto da bugun suna, akwai irinsa a hannun mutane da dama. Amma wanda Baba ya ɗauka da kansa, a wurin biki ko naɗin sarauta ko daga rediyo, mai rubutun hannunsa a jiki, mai yiwuwa babu na biyunsa a duniya. Da shi za ku fara, kuma duk abin da ya rubuta a jikin kwanson a kwafe shi harafi da harafi.

'Yar na'urar nan ban ba ki shawarar ta ba ga kaset mai daraja. Yawancinsu injinsu ba ya tafiya daidai, sai murya ta riƙa rawa, wani lokaci kuma ta cinye zaren. Tsohuwar rikoda mai nauyi ta fi, in mai gyara ya canza mata bel ya goge hed ɗinta da auduga da sifirit. Sai a haɗa ta da kwamfuta da kebul, a ɗauka da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. A ajiye na asali a tsarin WAV, mai cin kusan MB 10 a minti, sannan a fitar da MP3 don waya. Aikin na son haƙuri, domin kaset mai minti 90 sai ya yi minti 90 ɗinsa cif. Kafin a kunna kowanne a zarce da shi ƙarshe a dawo da shi farko don zaren ya saki, kuma wanda ya yi fumfuna a ware shi, kada ya ɓata rikodar ya shafa wa sauran. Amma kafin a taɓa masu daraja, a fara gwaji da wanda ba za a yi kukan rashinsa ba.

Batun sayarwa, ki gaya wa Yaya cikin ladabi cewa kaset ɗin ne kuka gada, ba waƙar ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50 daga fitowarsa. Shata, wanda jami'ar nan ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, kin ga ke nan haƙƙin iyalinsa yana nan daram. Ku juya don ku adana, ku ji a gida. Ciniki kuwa sai da yardar magada.

Kyautar laburare niyya ce mai kyau, amma a yi ta da ido buɗe. Ku juya naku kwafin tukuna, ku ajiye a wuri biyu, ɗaya a wajenki ɗaya a wajen Yaya. Sannan duk inda za ku kai, ko laburaren jami'a ne ko sashen nazarin harsuna, ku yi tambaya uku: suna da na'urar kunna kaset mai aiki, za su shigar da su cikin rajista da sunan Baba, kuma ɗalibi zai iya zuwa ya saurara? In amsar ta gamsar da ku, ku rubuta jerin abin da kuka bayar, a sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Na bikin gida kuwa kada ya fita sai an shawarci waɗanda muryarsu ke ciki, musamman mata.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan ki ɗauke kwalayen daga ƙasa saboda danshi da gara, ki nisanta su da rufin kwano da kuma manyan sifiku, domin maganaɗisun da ke cikinsu yana goge sauti.