XP ta ƙi tashi a VirtualBox, kuma ayyukan mutane duk suna ciki

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da shagon yanka sitika da rubuta allon talla a Gombe. Injin yankana tsoho ne, manhajarsa ba ta aiki sai a Windows XP, kuma sai an soka mata ɗan makullinta na USB. Makon jiya wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona bod ɗin tsohuwar kwamfutar. Faifan ajiya bai ƙone ba, ƙanena ya kwafe shi ya ɗora min a VirtualBox, manhajar nan da ke kunna wata kwamfuta a cikin kwamfuta, a kan laftof mai Windows 11. Ina kunnawa tambarin XP zai fito, sai allo ya koma shuɗi da lamba 0x0000007B. Mai gyara ya ce faifan ya mutu, a yi fomatin, zai sa min wata XP tasa gyararriya ya haɗa ta da intanet, wai tunda a cikin VirtualBox take, ko bairos ya shiga ba ya iya fita. Zanen kwastomomina na shekaru duk yana ciki, ga aikin makarantu na jirana. Wallahi barci ya gagare ni. Shi ke nan na rasa su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, kuma kada ka bari kowa ya yi fomatin. Faifan da ya iya nuna maka tambarin XP ana karanta shi ke nan. Tun kafin a taɓa komai, sayi ɗan akwatin nan da ake saka faifai a jona ta USB, ka saka tsohon faifan, ka kwashe foldar zane-zanenka zuwa wuri biyu daban. Wannan ba ya buƙatar XP ta tashi ko kaɗan. In kwafin da ƙanenka ya yi fayil ne nau'in VHD ko VDI, manhajar 7-Zip ma tana buɗe shi ka ciro abin da kake so. Sannan ka sake kwafar fayil ɗin, duk gwajin da za a yi a yi shi a kan kwafin. Asalin faifan kuwa a nannaɗe shi a jefa a durowa.

Lambar 7B abu ɗaya take faɗa: XP ta fara tashi, ta zo ɗaukar faifanta, ta tarar an haɗa shi ta hanyar da ba ta da direbanta. Ita XP ba ta zo da direban AHCI ba, wato hanyar da VirtualBox ke haɗa faifai ta SATA. Kashe kwamfutar cikin, shiga Settings, je Storage. In ka ga faifan a ƙarƙashin SATA, cire shi, ƙara IDE, ka maƙala shi a can. Fara da PIIX4, in ta ƙi ka gwada PIIX3 da ICH6. A ɓangaren System tabbatar nau'in da aka zaɓa XP mai bit 32 ne, EFI a kashe, RAM gig ɗaya ya isa, firosesa ɗaya tukuna. Ka kuma lura da I/O APIC. Tunda daga kwamfuta ta zahiri aka kwaso wannan XP ɗin, galibi sai an kunna shi, in ba haka ba shuɗin allon zai tafi ya bar ka da baƙin allo da ba ya motsi.

In duk ka yi wannan 7B tana nan, to direban IDE ɗin a kashe yake a rajistar XP ɗin. Nemo faifan XP na asali, irin bugun da ke kan kwamfutar, ka tashi da shi. R ta farko da zai nuna maka ka wuce ta, danna Enter, amince da F8, sai ya gano XP ɗin da ke ciki ya sake ba ka R. Wannan ta biyun ita ce gyara, tana barin manhajoji da fayiloli a inda suke. Ka duba jikin tsohuwar kwamfutar ka kwafi lambar lasisin da ke manne kafin a kai ta wurin 'yan gwangwan, don za a iya tambayarka.

Makullinka kuma da injin yankan, zaɓi USB 2.0, domin XP ba ta san USB 3.0 ba, ka ƙara su biyun a jerin na'urorin da za a miƙa mata. In ka ga koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox kuma komai na jan ƙafa, Hyper-V ce ta Windows 11 ta riƙe firosesa. Don yanka sitika za ka iya haƙura da hakan.

Yanzu maganar mai gyaranka, wadda ita ta fi damuna fiye da shuɗin allon. Kusan kullum sai na ji ta, daga Gombe har Bauchi, kuma masu faɗarta da ƙarfin gwiwa suke faɗa: wai abin da ke cikin VirtualBox a kulle yake. Wa ya kulle shi? Gaskiya ne fasa bangon VirtualBox kansa abu ne mai wuya, ko da yake an taɓa samun ɓaraka irin wannan, kamar wadda aka kira VENOM a 2015. Amma bairos ɗin da ke yawo a shagunanmu ba ya buƙatar fasa bango. Ƙofofin da kai da hannunka za ka buɗe don aiki ya tafi, su zai bi. Kamar wanda ya ware kaza mai ciwo a akurki daban ne, amma ya bar musu kaskon ruwa ɗaya.

Ɗauki foldar haɗaka, wato foldar laftof da ake buɗe wa XP ita ma ta riƙa gani. Dole za ka so tura zane daga laftof zuwa XP, sai mai gyara ya haɗa maka Documents gaba ɗaya, wani ma faifan D ɗungurungum, don a huta. A wajen XP wannan folda faifai ce kamar kowane. Bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa zai bi ta ya kulle duk abin da ya samu, kuma fayilolin da ya kulle na laftof ɗinka ne na gaske. Irin su Sality da Ramnit kuwa manne wa duk fayil ɗin exe suke yi, ranar da ka danna ɗaya daga ɓangaren Windows 11 ka shigo da su da kanka. Filashi ma haka. Kowa a harkarku ya san bairos ɗin nan da ke ɓoye foldoji ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Kwastoma ya kawo filashi daga shagon buga takardu, ka miƙa wa XP, ka zare ka soka a laftof, ina kullewar take?

Sai netwok. In a saitin Network na VirtualBox aka sa Bridged, XP ɗinka tana karɓar adireshinta daga rawutar shago ko MiFi, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da laftof ɗinka da duk na'urar da ke kan layin. Zaɓin NAT ya fi dama-dama don ba a iya shigo mata kai tsaye daga waje, amma ita tana iya fita, tana kuma iya taɓa sauran na'urorin shagon. Wannan fa tsari ne da ya fito a 2001, Microsoft ta daina yi masa gyaran tsaro ranar 8 ga Afrilu, 2014. Bairos ɗin Conficker tun 2008 yake bin netwok da filashi yana kama XP. A watan Mayun 2017 da bairos ɗin WannaCry ya bazu ƙasashe sama da 150 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ɓarakar da ya bi tana cikin XP ma, sai da Microsoft ta karya dokarta ta fitar mata da gyaran gaggawa. Ta sake yin haka a 2019 saboda wata ɓaraka mai suna BlueKeep. Kwamfutar shago da aka kafa shekaru da dama aka manta da ita, wa ya sa mata waɗannan? Ko burawuza mai lafiya ba ta da shi: Chrome ya tsaya a bugu na 49 tun 2016, Firefox ya janye a 2018. To me za ta je yi a intanet? Injin yanka sitika ba ya buƙatar intanet.

Ita kuwa XP gyararriyar da ake yawo da ita a filashi, ka tambayi mai gyaran wa ya gyara ta, me ya cire, me ya ƙara. Ba zai iya amsa maka ba, domin shi ma a wajen wani ya kwafa, wancan kuma ya sauko da ita daga inda bai sani ba. An cire mata neman lasisi, wasu an kashe musu garkuwa, abin da aka cusa a ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda fomatin ya zama maganin kowace cuta. Mutum bai karanta lambar da ke allo ba, bai tambayi abin da ke cikin faifan ba, ya share aikin shekaru cikin minti biyar, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Zanen nan amanar mutane ce a hannunka, kuma duk wanda ka miƙa wa kwamfutar ya shiga cikin amanar. Wanda bai san abu ba ya ce ban sani ba, ba abin kunya ba ne. Kuma da ka yarda an yi fomatin, da manhajar injin ta tafi tare, ita da saitin wuƙa da na ma'auni da ka daɗe kana daidaitawa, wataƙila faifan sa ta ma ya ɓace tuntuni.

Abin da za ka yi shi ne, a Network ka cire alamar kunna katin netwok gaba ɗaya. Buɗe sabuwar folda guda, babu komai ciki, ka haɗa ta a matsayin Read-only, zanen da za a yanka yau kawai za ka riƙa jefawa. Filashin kwastoma kuwa kada ya taɓa shiga XP, a laftof za a buɗe shi inda Defender, mai maganin bairos na Windows, ke aiki. In wani ya ce ka kashe Memory Integrity don kunkurun nan ya tafi, ka sani kariyar laftof ɗin kake ragewa.

Ranar da injin ya yanka sitikar farko lafiya, kashe XP ɗin ka ɗauki Snapshot, wato ajiye yanayinta na lokacin don a iya komawa gare shi, sannan ka kwafi foldar kwamfutar cikin gaba ɗayanta zuwa faifan waje, domin Snapshot a faifan laftof yake zaune, in faifan ya mutu tare za su tafi. In kuma bayan komawa IDE lambar ta canza zuwa 7E ko CE, sau da yawa direban firosesa ne mai suna intelppm, ɗauki hoton allon da wayarka ka turo min kafin ka taɓa komai.