Tambaya da Amsa: Wane akwatin kayan aiki zan fara da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ban daɗe da fara koyon kanikanci ba, kuma na gaji da aron sifana a wurin abokan aiki. Na tara ɗan abin da ya samu. Na ga akwati mai kaya 200 da wani mai 60, kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne zan ɗauka?
Daga wani mai koyon aiki

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa sana'ar albarka. Lambar da aka buga a jikin kwali ba ita za ta kwance maka noti ba. Ka sa a buɗe mai 200 ɗin a gabanka. Sau da yawa abin da ya cika shi ƙananan kawunan sukudireba ne da alanki, an zuba su don adadi ya yi yawa. Soket da sifana za ka ƙirga, su ne aikin.

Waɗanne motoci aka fi kawo wa oganka? In na Japan ne, irin su Toyota da Honda, awonsu na milimita ne, kuma hannunka ba zai rabu da 8, 10, 12, 14, 17 da 19 ba. Na Turai sukan nemi 13, 16 da 18, ga kuma masu kai irin na tauraro da ake kira Torx. Akwatin araha ya saba tsallake lamba, don haka ka bi su ɗaya bayan ɗaya daga 8 har 19. Masu awon inci kuwa, in ba tsofaffin motocin Amurka kuke taɓawa ba, kwanciya za su yi suna tsatsa. Kuma kada wani ya ce maka rabin inci da 13 duk ɗaya ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, kuma a kan notin da ya cije, wannan ɗan bambancin ya isa ya cinye masa kai.

A nan nake so ka natsu sosai: leƙa cikin soket ɗin. Mai kusurwa 6 yana kama noti ta gefensa, mai 12 kuwa ya fi saurin zamewa in noti ya yi tsatsa. Na sha ganin aikin da bai kai komai ba ya cinye wuni guda saboda kan noti ya mulmule, kuma mai koyo ake ɗora wa laifi alhali ƙarfen ne ba shi da kyau. Ɗauki masu 6. Ka duba ko an buga Cr-V a jiki, wato alamar ƙarfe mai ƙwari da aka haɗa da chrome da vanadium, duk da cewa rubutu kaɗai ba shaida ba ne. Ka zura noti a ciki ka ji ko yana lilo.

Racet, wato hannun da ake maƙala wa soket a juya, mai bakin inci 3/8 shi ne zai yi maka yawancin aiki. Mai haƙora 72 yana kamawa da juyi na digiri 5 kacal, abin da za ka gode masa a lungun inji. Amma kada ka zura masa bututu don ƙarin ƙarfi, haƙoran za su zube. Sayi dogon hannu mai bakin rabin inci daban, saboda notin taya da makamantansa. Waɗannan soket masu ƙyalli kuma ba na bindigar iska mai kwance noti ba ne, suna iya tarwatsewa.

Filaya, guduma, sukudireba mai faɗi da mai kuros, da soket na fulogi 16 da 21: na matsakaicin kuɗi sun wadatar. Ka ƙara soket lamba 10 guda ɗaya ka ajiye, don ita ta fi ɓata.

Ni dai mai 60 zan ɗauka, muddin lambobinsa sun cika. Abin da ya rage a hannunka, ka sayi ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, masu kauri, kafin ka sayi komai na ado. Jak na ɗagawa ne kawai, yana iya saki ba zato. Ko da ogan ne ya ce ka shiga ƙarƙashi ba a tokare ba, ka ba shi haƙuri, ka tokare tukuna.