Ƙarshen mako ɗaya a Sifaniya: Madrid, Barcelona ko Granada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kano ne, ina aiki a Birmingham. Ni da maiɗakina muna son mu leƙa Sifaniya, mu tashi ranar Juma'a bayan aiki, mu dawo Lahadi da daddare. Ni filin Real Madrid nake son gani, ita kuma Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Granada, ga shi ana ta ba mu labarin Barcelona. Ta yaya za mu tsara mu ga duka ukun? Fasfon Najeriya muke da shi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, duka ukun ba za su yiwu ba, in ba zaman tasha kuke son yi ba. Daga Madrid zuwa Barcelona awa 2 da rabi zuwa 3 ne a jirgin ƙasa mai gudu, daga Madrid zuwa Granada kuma fiye da awa 3, ɗaya arewa maso gabas, ɗaya kudu. Abin da kuke da shi a hannu yinin Asabar ne da rabin Lahadi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ku zaɓi gari ɗaya, kuma a wannan karon ka bar wa uwargida zaɓinta. Granada ƙarama ce, kusan duk abin kallonta da ƙafa ake zuwa. Madrid kuwa ta fi daɗi ranar da ka samu tikitin wasa.

Kafin komai, biza. Takardar zama a Birtaniya ba ta shigar da mai fasfon Najeriya Sifaniya. Sai kun nemi bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai da dama, har da Sifaniya, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024. Ana iya nema tun saura wata 6, kuma samun ranar ganawa ya kan fi komai cin lokaci.

Bayan biza, abin da za ku fara saya tikitin Alhambra ne, tun kafin na jirgi. Mutane da dama a nan suke tafka kuskure: su isa Granada, su hau tudu, a ce musu babu gurbi. Ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana, kuma tikitin Asabar da Lahadi ya kan ƙare tun da sauran makonni, musamman a watannin Afrilu da Mayu. Ku saya a shafin intanet na hukumar da ke kula da wurin, ku tabbata ya haɗa da fadojin Banu Nasr, gidan sarautar da ya mulki Granada, domin akwai mai rahusa na lambuna da ganuwa kawai. Sunanku da lambar fasfo suna kan tikitin, don haka ku riƙe fasfon a jiki. Lokacin da aka rubuta a kai na shiga fadojin ne. Wanda ya makara ya yi asara, roƙo ba ya aiki a ƙofar. Ni dai na fi son na sassafe, domin ƙarfe 8:30 ake buɗewa, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a.

Filin jirgin Granada ba shi da jirage da yawa. Ku sauka a Malaga, ku hau bas ɗin ALSA, kimanin awa 2. Agogon Sifaniya yana gaba da na Ingila da awa 1, saboda haka in da hali ka karɓi hutun rabin yinin Juma'a, ku kwana a Granada. Masauki ku neme shi kusa da Plaza Nueva ko Gran Via. Gidajen da ke can saman unguwar Albaicin suna da kyau a hoto, amma jan akwati a kan duwatsun lungunan nan da tsakar dare wahala ce.

Safiyar Asabar ta Alhambra ce gaba ɗaya, ku ba ta awa 3 zuwa 4. Ƙaramar bas C30 tana hawa da mutum har ƙofa. Muhammad ibn al-Ahmar, sarkin Banu Nasr na farko, shi ne ya fara ginin a 1238, jikokinsa suka ci gaba, kuma Farfajiyar Zakuna da kowa ke ɗauka a hoto aikin Muhammad na 5 ne a ƙarni na 14. Wanda ya yi makarantar allo yana da wata riba a nan da yawancin baƙi ba su da ita: zai iya karanta bango. Za ku ga "Wa la galiba illallah" an maimaita shi a ɗaki bayan ɗaki, taken gidan sarautar ke nan, tare da ayoyi da baitocin waƙa. Kada ku bi ayari da sauri. Ku ɗaga kai ku dubi rufi, ku lura da yadda aka janyo ruwa daga kogin Darro aka bi da shi ta cikin ɗakuna da lambunan Generalife. Daga nan Abu Abdullahi, sarki na ƙarshe, ya fita ya miƙa garin ga sarakunan Kiristocin Sifaniya, Ferdinand da Isabella, ranar 2 ga Janairun 1492. Garin ma ba baƙo ba ne ga malamanmu: Ibn Asim, mai Tuhfatul Hukkam da alƙalan Arewa ke karantawa, alƙalin Granada ne.

Sai batun ciki. Mutanen Sifaniya suna cin abincin rana tsakanin ƙarfe 2 da 4, na dare kuma daga 9. Ka je neman abinci ƙarfe 6 na yamma, ka tarar da kicin a rufe. Ku ci da kyau da rana, ku koma masauki ku huta. A Yuli da Agusta zafi ya kan kai digiri 40, ƙananan shaguna ma rufewa suke yi a lokacin. Granada ta yi suna da tapas, ɗan abin taɓawa da ake kawowa kyauta tare da abin sha, ko da lemo ka saya. Sai dai naman alade ya ratsa girkinsu, har a cikin wake da miya. In kun ga jamon, chorizo ko cerdo a takardar abinci, shi ne. Ku ce "sin cerdo" tun kafin a kawo. Kifi da wainar ƙwai da dankali sun fi sauƙi, kuma a layin Caldereria Nueva akwai gidajen shayi da na abincin Maroko masu halal.

Da la'asar sakaliya ku bi gefen Darro ku hau Albaicin zuwa dandalin San Nicolas, inda ake hango Alhambra duka da duwatsun Sierra Nevada a bayanta. Wurin ya kan cika maƙil, don haka a kula da aljihu da waya. Dab da shi akwai babban masallacin Granada da aka buɗe a 2003. Daga lambunsa ma ana hango Alhambra, kuma hayaniya ba ta kai ta dandalin ba. Ku yi magariba a can. Da rani rana ba ta faɗuwa sai wajen 9:30.

Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, saboda haka tsaraba tun Asabar. Safiyar ta isa ku zaga tsakiyar gari: tsohuwar makarantar da Yusuf na 1 ya kafa a 1349, da Corral del Carbon, masaukin fatake na ƙarni na 14, da cocin Capilla Real inda kaburburan Ferdinand da Isabella suke, wadda ranar Lahadi sai hantsi ya yi take karɓar baƙi. Tikitin bas na komawa Malaga ku yanke shi tun ranar da kuka iso, ku kuma bar Granada aƙalla awa 5 kafin tashin jirginku, domin jirgin Ingila sai an bi layin duba fasfo.